Mai Guduma da Tsagar Teburin Yanka

Shekara talatin da takwas Mai Guduma ya yi yana miƙe wa motoci jiki. Fanabita ne irin na da, wanda zai shafa ƙofar mota da tafin hannu ya gaya maka inda ta taɓa buguwa tun kafin ka saye ta. In guduma ta gama iya nata, sai ya ɗauko fila, kwaɓin nan mai kauri da ake cike ragowar lotsawa da shi, ya lakato a kan guntun faranti, ya ɗiga masa jan maganin da ke sa shi tauri, ya juya. Bai taɓa aunawa ba. In mai mota na tsaye yana duba agogo, sai ya ƙara maganin kaɗan, kafin mutum ya shanye shayinsa kwaɓin ya kama. In babu gaggawa ya rage. Haka ya koya, haka ya yi ta yi, hannun kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Tari ne ya raba shi da gareji. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a haske, ya nuna masa wasu farare-farare, ya ce ƙurar fila da warin fenti sun ishe shi haka. Ya miƙa wa ƙanensa makullin shago, ya kwaso gudumominsa a cikin akwatin ƙarfe, ya jera su a rumfar bayan gida. Daga nan yini ya fara yi masa tsawo. Ya gyara duk wata ƙofa mai kuka, ya ɗaure duk wani famfo mai ɗiga, ya koma kan tukwane yana miƙe musu gindi, har matarsa ta fara ɓoye masa su a ƙarƙashin gado.

Ita tela ce, labule da zannuwan gado take ɗinkawa a ɗakin gaba. A tsakiyar ɗakin akwai teburin yankanta, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Katako ne mai nauyi, sai mutum biyu ke iya ɗaga shi, ya yi baƙi saboda shekaru da gogar hannu. A 'yan shekarun nan wata tsaga ta buɗe masa a tsakiya, tsawon kamu uku, faɗinta ya kusa yatsa biyu a inda ta fi buɗewa. Tana haɗiye allurai da alli, tana kama yadi mai santsi ta zare masa zare. Matar ta saba da ita, tana kewaye ta da almakashi ba tare da ta duba ba. Shi ne abin ya tsaye wa a rai. Duk sanda ya shiga ɗakin, idonsa a kan tsagar yake sauka.

Wata safiya ya ce, “Maman Auta, ki ba ni teburin nan in cike masa wannan ramin.”

“Da me? Da filar mota?”

“Akwai wani ruwa, rezin. Ana zuba shi ya daskare kamar gilashi. Na ga ana yi.”

Ta ci gaba da taka keke. “Ina da labulen ofis, taga goma sha biyu, ƙarshen mako mai zuwa za su karɓa. Ka bar min teburina.”

Kwana uku yana bin ta da maganar. Ta yarda ne don ta gaji, da kuma don ta ga yadda yake zama a rumfa yana goge gudumomin da ba su yi datti ba. Ta ce kwana biyu ta ba shi, za ta yi ɗinkin abin da ta riga ta yanka, rana ta uku da safe tana son teburinta a inda yake. Ta ƙara da cewa, “Na Inna ne. Ba ni da wani abu nata sai shi.”

Ya ce ya sani.

Mai shagon fenti tsohon saninsa ne, shekara da shekaru yana sayen kaya a hannunsa. Ya sauko masa da jarkoki huɗu daga kanta, bibbiyu, ya ce rezin ɗin da ake kira efoksi iri biyu gare shi. Na farko na shafe ne, ana haɗa shi daidai wa daida, a shimfiɗa shi siriri a saman katako, yini guda ya bushe. In aka zuba shi a rami mai zurfi zai yi zafi, ya yi hayaƙi, ya dare. Na biyun shi ne na zubi, ya fi ruwa-ruwa, yana bin lungu, amma ba ya gaggawa.

“Zurfin tsagar nawa?”

Mai Guduma ya nuna masa da yatsa.

“To wannan na zubin za ka ɗauka. Biyu daga babbar jarka, ɗaya daga ƙaramar. Kwana uku kada kowa ya taɓa. Oga, ka auna fa. Wannan ba ya son a yi masa awon ido.”

“Ni za ka koya wa kwaɓi? Kana rarrafe nake kwaɓa fila.”

Mai shagon ya yi dariya, ya sa masa safar hannu da takunkumi a leda. Mai Guduma ya fito yana lissafi a ransa. Takardar jikin jarka ta ce kwana uku, mace ta ce biyu. Bai ga wata matsala a nan ba, don ya san yadda ake rage wa kwaɓi lokaci.

Kafinta, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, shi ya kama masa suka fito da teburin zuwa rumfa. Kafinta ya riga shi ajiye aiki da shekara biyar, gwiwa ce ta zaunar da shi, kuma bai taɓa yarda cewa mai dukan ƙarfe ya san wani abu game da itace ba.

“Katako dai ba ya jin guduma, ka sani ko? In ya ƙi ba a bugunsa.”

“Riƙe can, tsoho. Bakinka ya fi hannunka ƙarfi.”

Duk da haka Kafinta ya zauna a kan bokiti ya yi ta ba da umarni, kuma umarnin nasa na hankali ne. Suka zaƙulo abin da tsagar ta haɗiye, allurai ashirin da wani abu, maɓallai, da wata tsohuwar reza. Suka hure ƙurar. Suka kifa teburin suka manne ƙasan tsagar da tef ninki uku, don Kafinta ya ce ruwan nan in ya sami hudar allura ma zai bi ta ya tsiyaye a ƙasa. Suka mayar da shi tsaye, suka ɗora ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a ciki, suka yi ta cusa tsinke a ƙarƙashin ƙafafu har ɗigon ya tsaya a tsakiya. Da azahar ta yi Kafinta ya tafi gida shan maganinsa.

Mai Guduma ya sa safar hannu, ya tsiyayo babbar jarka a wata wankakkiyar roba, ya bi da ƙaramar. Ya duba. Ruwan fari tas, ba irin jan maganin fila da ke nuna maka yawansa da launi ba. Ya ƙara daga ƙaramar, ya juya, ya tuna da labule goma sha biyu, ya sake ƙarawa. Ya juya a hankali kamar yadda takarda ta ce, yana kankare gefen robar da gindinta. Sannan ya zuba. Ruwan ya bi tsagar ya cika ta har baki, ƙananan kumfa suka taso, ya aro na'urar busar gashin 'yarsa ya bi su da iska mai ɗumi suka fashe. Ana hango cikin katakon ta cikinsa. Ya daɗe bai ji daɗin wani abu haka ba.

Da sauran kwaɓi a robar, shi kuwa a rayuwarsa bai taɓa zubar da kwaɓi ba, kullum akwai wata 'yar lotsawa da za a lallaɓa da ragowar. Sai ya tsiyaye shi a saman teburin, ya shimfiɗa shi da faranti daga wannan baki zuwa wancan, har ya gangara gefe. Teburin ya ɗauki ƙyalli. Ya kafa sanduna ya rufa masa leda saboda ƙura.

Washegari ya taɓa gefe da ɗan yatsa, ya ji danƙo. Ya ce da sauran lokaci. Rana ta biyu ma danƙo. Rana ta uku da safe matarsa ta leƙo rumfa da almakashi a hannu, ya ce mata iska ce ta yi sanyi, ta ƙara masa yini ɗaya. Ta koma ciki. Ta share tsakar ɗakin gaba, ta shimfiɗa yadin labule a ƙasa, ta durƙusa. Ta haura sittin, kuma rabonta da yanka a ƙasa tun tana budurwa. Daga rumfa yana jin ƙarar almakashin, yana jin inda take tsayawa ta yi nishi kafin ta ja gwiwa gaba.

Rana ta biyar Auta ta zo. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aiki a ɗakin gwajin jini, yininta duka a kan awon ɗigo yake ƙarewa. Ta ɗaga ledar, ta danna farce a kan tsagar. Farcen ya shiga, ya bar rami, wani maiƙo ya biyo shi. Ta ɗauki jarkokin biyu ta ɗaga su a haske. Ƙaramar ta yi ƙasa sosai, kusan daidai da abin da babbar ta ragu.

“Baba, da me ka auna?”

Ya sunkuya yana gyara bakin ledar.

“Baba.”

“Na ɗan ƙara masa magani ne don ya yi sauri.”

Ta ajiye jarkokin, ta zauna a kan bokitin Kafinta. “Maganin fila tayar da aiki kawai yake yi, shi ya sa in ka ƙara yake sauri. Wannan kuwa rabin ginin ne. Kowane ɗigo na ƙaramar sai ya sami biyu na babbar ya riƙe. Wanda ka ƙara bai sami abin riƙewa ba, yana nan a ciki yana yawo, shi ya hana sauran kamawa.”

“In aka saka shi a rana fa?”

“Ko shekara zai yi a rana, haka zai zauna. Sai an cire shi duka.”

Ya dubi teburin, tun daga wannan baki har wancan. Ƙura ta riga ta sami hanya ta ƙarƙashin leda ta manne, da wani ƙaramin ƙwaro da ya mutu a tsaye.

Matar ta fito ta tsaya a bakin rumfa, hannu ɗaya a ƙugu. Ba saman teburin ta duba ba. Ta zagaya gefen da take tsayawa in tana yanka, ta sunkuya. A nan, a bakin katakon, akwai wasu ƙananan tsage-tsage da mahaifiyarta ta yi da wuƙa, alamar yadi, da rabi, da kwata. Da su take awo, ba ta ɗaukar tef sai in za ta fita gidan mutane. Yanzu danƙon ya gangaro ya cike su.

Ta ce, “Cewa ka yi rami za ka cike.”

“Ragowa ce ta saura.”

“Ragowa.” Ta miƙe da ƙyar, ta koma ciki. Can almakashin ya ci gaba.

Kafinta ya zo da shawara mai sauƙi. A kai teburin wurin masu injin fere katako, a cire masa fata ɗaya sama da gefe, awa guda an gama, ya fito sabo fil.

Mai Guduma ya ce, “Da alamun awon?”

“Sai a yi wasu. Wuƙa ta ƙare a duniya ne?”

“Hannun da ya yi waɗannan ya ƙare.”

Kafinta ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa. Ya ce to ba a sa samfefa, takardar nan ta goge katako, don danƙo zai cike ta nan take. Sai dai kankara, a ɗumama wuri kaɗan, a kankare, a goge da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Auta ta ce in dai tina ce, to a waje za a yi, ba a rumfa ba, kuma da takunkumi, in ba haka ba ita da kanta za ta kira masu injin. Aka fito da teburin ƙarƙashin bishiyar tsakar gida.

Kwana huɗu ya yi yana wannan aikin. Da farantin filarsa yake yi, wanda bakinsa ya suɗe don tsufa, shi ne kaɗai ba ya cin katakon. Ya ɗumama wuri kamar faɗin tafin hannu, ya tura farantin, danƙon ya nannaɗo, ya share a takarda, ya bi da tsumma. Safar hannu tana yagewa, yana sake wata. Cikin tsagar ya fi wuya, sai da kurfin Kafinta, ana ciro abin guntu-guntu kamar tsohon cingam. Takunkumin yana hana shi numfashi, in ya cire kuma tarin ya taso. Yakan zauna ya jingina da bishiya har ƙirjin ya lafa, ya tashi. Kafaɗar da ta yi shekara talatin da takwas tana ɗaga guduma ta fara yi masa zugi tun daga yini na biyu.

Kafinta na zuwa kullum ya zauna yana miƙa masa tsumma. “Ka ga da mota ce da tuni ka shafa mata fenti ka ce wa mai ita haka kamfani ya yi ta.”

“Da mota ce da ba ka nan kana cika min kunne.”

Alamun awon ya bari ƙarshe. Da tsinken allura ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana sanye da tabarau, yana ciro danƙon ba tare da ya faɗaɗa su ba. A kan ta kusa da ƙarshe allurar ta zame, wani ɗan ɓallin katako ya tashi. Alamar kwata ta zama faffaɗan tabo. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya wuce ta gaba.

A cikin waɗannan kwanakin labulen suka tafi. Matar ta yanka su duka a ƙasa, Auta na zuwa bayan aiki tana riƙe mata bakin yadi. An kai su a makare da kwana biyu. Ranar da aka kai, matar ta kwanta da rana tsaka da tsumma mai ɗumi a gwiwa, abin da bai taɓa ganin ta yi ba. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma tambaye shi ina aka kwana ba. Abinci dai yana samunsa a rufe a inda aka saba ajiye masa.

Da katakon ya sha iska ya bushe, aka mayar da shi rumfa, aka sake manne ƙasa, aka sake daidaita ƙafafu. Auta ta sayo kofunan roba masu layin awo a jiki. Ta ce ita za ta zuba.

“A'a. Ni zan zuba, ke ki duba.”

Ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da layin, kamar yadda ta nuna masa, ya tsiyaya. Biyu daga babbar. Ɗaya daga ƙaramar. Da ruwan ya taɓa layi, hannunsa bai so tsayawa ba, sai da ya sa ɗaya hannun ya ɗago jarkar. A ganinsa maganin ya yi kaɗan ƙwarai. Ya faɗa mata haka.

“Na sani, Baba. Juya.”

Ya juya minti uku tana duba agogo, ya juye a wani kofin ya sake juyawa, don kada wanda ya manne a gefe bai haɗu ba ya shiga aikin. Ya zuba a tsagar kaɗai. Abin da ya rage a kofin, Auta ta karɓa ta ajiye a kan taga, ta ce shi za a riƙa taɓawa in ana son a san ko ya kama, kada wanda ya kai yatsa kan teburin.

Kwana ukun nan ba abin da ya yi sai zama. Da safe ya je ya danna na kan taga. Ranar farko ruwa, ta biyu kamar ƙaro, ya koma ya zauna jikinsa a sanyaye, don haka wancan ma ya fara. Rana ta uku farce ya ƙi shiga. Ya ƙwanƙwasa da bakin kurfi, ya ji ƙas. Bai gaya wa kowa ba, ya ƙara masa yini guda. Sannan ya bi tsagar da samfefa mai laushi yana jiƙa ta da ruwa saboda ƙura, har bakin rezin da bakin katako suka zama ɗaya.

Ranar da shi da Kafinta suka shigar da teburin ɗakin gaba, kwana goma sha shida ke nan da fitarsa. Ya yi haske a wasu wurare inda tina ta ci baƙin shekarun, ya zama dabbare-dabbare. Matar ta zagaya shi sau ɗaya. Ta ɗauko wani yadi mai santsi, irin wanda tsagar ta fi kamawa, ta shimfiɗa, ta ja shi daga wannan baki zuwa wancan. Ya wuce sumul. Ta ɗora almakashi ta yanka ta kan wurin, bai tsaya ba. Sai ta kama bakin yadin ta bi alamun awo da babban yatsa, yadi, rabi, har ta iso kan tabon. Yatsan ya tsaya.

Ya ce, “Hannuna ne ya zame. In kina so in gyara miki ita da wuƙa.”

“Bar ta haka. Na san inda take.”

Ta dafa teburin da hannu biyu za ta gyara tsayuwa, ya yi ɗan rawa. Ƙafar baya ta saki wurin yawan ɗagawa da kifawa. Mai Guduma ya sunkuya zai duba.

“Baban Auta.”

Ya ɗago.

“Akwai kwali a bayan ƙofa. Ninka min shi kawai.”

Kafinta ya juya fuska wajen taga, kafaɗunsa na rawa don dariya. Mai Guduma ya ɗauko kwalin, ya ninka shi huɗu, ya durƙusa ya cusa a ƙarƙashin ƙafar. Ta girgiza teburin, ya tsaya. Ta jawo yadi na gaba. Shi kuwa sai da ya dafa bakin teburin kafin ya iya miƙewa, ya raka Kafinta bakin ƙofa, ya dawo ya shiga ɗaki ya kwanta.